Gwaje-gwajen maganin gargajiyar Sin na ciwon suga: wanne ne abin dogaro?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifinmu yana da ciwon suga irin na manya, yana shan metformin da wata ƙwaya guda. Ƙanena da ke zuwa sari Guangzhou ya zo masa da wani maganin gargajiya na Sinawa, ya ce can an yi ɗaruruwan bincike a kan irinsa, duk sun nuna yana aiki, har ya fi na asibiti. Na leƙa intanet na ga lallai binciken na da yawa. Shin abin dogaro ne? Baba zai iya ajiye na asibiti ya koma wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne.

Kada Baba ya ajiye maganinsa. Ƙanenka bai yi ƙarya ba a kan yawan binciken, akwai shi jibgi guda, kuma kusan dukkansa yabon maganin yake yi. Sai dai in aka tace, kaɗan ne ke tsira, kuma waɗanda suka tsira ɗin wata tambaya suke amsawa daban, ba taku ba.

Ka fara sanin abin da ya sa takardun suka yi yawa haka. A 1980 masu ciwon suga a Sin ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Zuwa 2018 sun haura kashi 12 cikin 100 na manya, a 2021 kuwa an ƙiyasta su sun kai mutum miliyan 140, fiye da kowace ƙasa a duniya. Can maganin gargajiya ba na bakin kasuwa ba ne kawai: yana da jami'o'insa, da asibitocinsa na gwamnati, da ɗimbin mujallunsa. Sannan an daɗe ana ɗaure ƙarin girman likita da yawan takardun binciken da ya wallafa. Likitan da ke ganin marasa lafiya tun safe har dare, ba a koya masa tsara gwaji ba, ba shi da kuɗin yinsa, amma dole ya fitar da takarda kafin ya hau matsayi na gaba, ka san irin takardar da zai fitar.

A 2004 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattaro gwaje-gwajen magani ta auna ingancinsu, ta fitar da nazari a kan maganin gargajiyar Sin na ciwon suga, ƙarƙashin jagorancin Liu Jianping. Sun samu gwaji 66 da suka ƙunshi mutum 8,302, suka ce galibinsu ingancinsu ya yi ƙasa. Amma alƙalamin da ya fi jan hankalina shi ne na uku: magunguna 69 daban-daban aka gwada a cikin gwaji 66 ɗin. Wato kusan kowane magani sau ɗaya aka gwada shi, a wuri ɗaya, ba wanda ya sake gwadawa ya ga ko abin zai maimaitu. Don haka in aka ce maka "an yi ɗaruruwan bincike", tambayar farko ita ce: nawa ne a cikinsu aka yi a kan wannan kwalbar da ke hannunka? A 2009 Cochrane ta sake duba gwaji 16 na mutum 1,391 waɗanda sugansu ya fara hawa amma bai kai ciwo ba, ta ce duk akwai zargin karkata a yadda aka tsara su.

Babban aibin yana wajen rabon mutane. Gwajin magani na gaskiya yakan raba marasa lafiya gida biyu, a ba gida ɗaya maganin, ɗayan a ba shi wani abu daban, a kwatanta. Sharaɗin shi ne ƙuri'a ce za ta yi rabon, yawanci kwamfuta ce ke jefa ta, kuma likitan da ke ɗaukar mutane kada ya san gidan da na gaba zai faɗa. Dalilin a fili yake. In likitan ne ke zaɓa, ko da mutumin kirki ne, zuciyarsa za ta sa ya tura matashi mai kiyaye abinci gidan sabon magani, ya tura dattijon da ƙodarsa ta fara gajiya gidan tsoho. Tun kafin a haɗiyi ƙwaya ɗaya an riga an san wanda zai ci. Wannan kuwa ba halin Sinawa kaɗai ba ne. Kenneth Schulz na Amurka ya ba da labarin masu bincike da suka amsa cewa sukan ɗaga ambulan ɗin ƙuri'a su haska shi da fitila don su ga abin da ke ciki. Shi da abokan aikinsa suka auna gwaji 250 a 1995, suka ga inda ba a ɓoye rabon da kyau ba akan kambama amfanin magani da kusan kashi 40 cikin 100.

To, wasu masu bincike a Asibitin Yammacin Sin na Jami'ar Sichuan da ke Chengdu, Wu Taixiang da abokan aikinsa, suka yi wani aiki mai wahala. Suka tattaro rahotanni 3,137 da aka buga a mujallun Sin daga 1994 zuwa 2005, kowanne yana cewa an raba mutane ta ƙuri'a, sannan suka ɗauki waya suka riƙa kiran marubutan ɗaya bayan ɗaya suna tambaya: yaya kuka yi rabon? Sun samu magana da marubutan rahoto 2,235. Guda 207 kacal suka yi ƙuri'a ta gaskiya. Sauran, yawancinsu ba su ma fahimci abin da ake nufi da ita ba, sun dai rubuta kalmar don haka kowa yake rubutawa. An buga sakamakon a 2009. Abu biyu a cikinsa ya kamata a faɗa don adalci. Na ɗaya, ba su ga wani bambanci ba tsakanin gwajin maganin gargajiya da na maganin zamani, cutar ta gama gida ce. Na biyu, gwajin da aka yi a asibitocin jami'a ya fi na ƙananan asibitoci gaskiya nesa ba kusa ba. Saboda haka inda aka yi gwaji yana da muhimmanci, kuma Sinawa ne da kansu suka tona wannan asirin, ba wani ya zo daga waje ya yi musu gori ba.

Sai batun ƙwayar wofi, wato abin da ya yi kama da magani amma ba magani a cikinsa, wanda ake ba gida na biyu don kada majiyyaci ko likita su san wa ke shan me. A ƙwayar Bature wannan abu ne mai sauƙi. A dafaffen saiwa da sassaƙe kuwa aiki ne ja, domin yana da ɗaci, yana da wari, yana da launi, wani yana sakin ciki. Duk wanda ya tashi yana shan irinsa a gidansu zai gane na bogi da kurɓa ɗaya. Wasu sukan zuba ɗan kaɗan daga ainihin maganin a cikin na wofin don ɗanɗanon ya zo ɗaya, wanda shi ma yana da nasa matsala. Da yawa kuwa sai su haƙura da shi ɗungurungum.

Me ake asara in babu shi? Mutum yakan shiga gwaji ne a lokacin da sugansa ya yi sama, don haka aka ɗauke shi. Da ya shiga sai a fara auna shi a kai a kai, a yi masa huɗuba a kan abinci, ya rage shinkafa da lemo, ya fara tattaki, ya daina tsallake ƙwayarsa ta asibiti. Suga zai sauka ko da ruwan bunu aka ba shi. Ga misali daga gwaji mai kyau: a 2015 an gwada wani garin magani mai suna Jinlida a kan mutum kusan 190 da ke shan metformin amma sugansu bai daidaita ba. Bayan mako 12, ma'aunin HbA1c, wato matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, ya sauka da 0.92 a masu shan Jinlida. A masu shan na wofi ya sauka da 0.53. Amfanin maganin na haƙiƙa shi ne tazarar da ke tsakani, wajen 0.4, kuma ba abin rainawa ba ne. Amma da ba a sa gidan wofi ba, da an tallata 0.92 ɗin gaba ɗaya a matsayin aikin magani, alhali fiye da rabinsa kulawa ce ta kawo shi.

Daga nan za ka gane tsarin da ya fi yawa a cikin takardun da ka gani a intanet. Gida ɗaya metformin kaɗai, ɗayan metformin da maganin gargajiya, kowa ya san abin da yake sha. Irin wannan da wuya ya faɗi, domin gida na biyu sun samu ƙarin kulawa da ƙarin fata a kan abin da gida na farko suka samu. Kuma ko da sakamakon gaskiya ne, abin da ya nuna shi ne amfanin ƙari a kan metformin. Bai ce komai ba a kan wanda ya ajiye metformin. Nan ne mai talla yake yi wa mutane rufa-ido.

In ka buɗe ɗaya daga cikin irin waɗannan takardun, ga abin da za ka tarar. Shafi biyu ne ko uku. Mutum sittin ko tamanin, an raba su daidai wa daida. Jimla ɗaya tak a kan rabo, ba bayanin yadda aka yi shi. Ba wanda ya fice daga gwajin, ba wanda ya ɓace, abin da duk wanda ya taɓa bin marasa lafiya wata uku ya san ba ya faruwa. Batun illa ko dai ba a ambace shi ba, ko a ce ba a ga wata illa ba, ba tare da an faɗi yadda aka nema ba. Sannan a ƙarshe ga wani jadawali mai gida uku: "ya yi aiki ƙwarai", "ya yi aiki", "bai yi aiki ba". Sai a haɗa na farko da na biyu a kira shi jimillar nasara, a samu kashi casa'in da wani abu. Ma'aunin shiga kowane gida kuwa gauraye ne na awon suga da abin da majiyyaci ya ce yana ji, ƙishirwa ta ragu, kasala ta yi sauƙi, kuma likitan da ya ba da maganin shi ne ke yanke hukunci. Kowace takarda tana iya ja layinta inda ta ga dama. Duk lokacin da na ga wannan jimillar ita ce babban sakamakon gwaji, nakan ajiye takardar.

Ma'aunin da duniya ta yarda da shi shi ne HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku da suka wuce. Shi ya sa gwajin mako huɗu ko takwas ba zai iya nuna cikakken canjinsa ba. Kuma ko a nan gida a riƙa tunawa: mai sikila, ko mai ƙarancin jini sosai, ko wanda aka ƙara wa jini kwanan nan, wannan ma'aunin yana iya yin ƙarya a kansa, sai likita ya sani.

Ko HbA1c ɗin ma ba shi ne ƙarshen magana ba. Abin da muke tsoro a ciwon suga shi ne makanta, da mutuwar ƙoda, da yanke ƙafa, da shanyewar ɓarin jiki, da bugun zuciya. Saukar lamba ba ta tabbatar da an tsira daga waɗannan. Rosiglitazone yana sauke suga da kyau, amma a 2007 aka ta da zargin yana ƙara bugun zuciya, a 2010 Turai ta dakatar da shi. A 2008 an tsayar da wani ɓangare na gwajin ACCORD, mai mutum sama da 10,000 a Amurka da Kanada, saboda waɗanda aka matsa wa lamba a sauke sugansu ƙwarai sun fi mutuwa. Metformin da Baba yake sha kuwa, gwajin UKPDS na Birtaniya ya bi masu shansa wajen shekara 10, a 1998 ya nuna raguwar bugun zuciya da mace-mace a masu ƙiba. Gwaje-gwajen maganin gargajiya mafi yawansu a wata uku suke tsayawa, waɗanda suka taɓo ƙoda ma galibi sinadarin da ke zuba a fitsari suke aunawa. Babu maganin gargajiyar Sin da ke da hujja irin ta metformin a wannan fagen.

Yanzu maganar ƙanenka cewa "duk sun nuna yana aiki". Wannan ita kanta alamar matsala ce. A 1998 Andrew Vickers da abokan aikinsa suka duba ƙasashen da gwaji ke fitowa da irin sakamakon da yake zuwa da shi. A gwajin huda jiki da allura irin na Sinawa, duk wanda ya fito daga Sin, Japan, Hong Kong da Taiwan nasara ya nuna. A sauran magunguna, kashi 99 cikin 100 na gwajin Sin sun ce magani ya yi aiki, na Rasha kashi 97, na Ingila kashi 75. Babu wani fannin magani a duniya da ake gwada abu ɗari 99 su ci. Abin da ya fi kama hankali shi ne gwajin da bai yi daɗi ba a aljihun tebur yake ƙarewa. Shi ya sa nake taka-tsantsan da takardun da ke tattara ƙananan gwaji ashirin ko talatin su haɗa lissafinsu su fitar da lamba ɗaya mai ban sha'awa. An ce yawa shi kan sa zare ya ja dutse, amma ba ruɓaɓɓen zare ba. In ka karanta irin waɗannan takardun har ƙarshe, za ka ga su da kansu suna cewa ana buƙatar gwaji mai inganci kafin a yanke hukunci. Mai talla ba ya kaiwa wannan layin.

Masu maganin gargajiya suna da wani uzuri da ya cancanci a saurara. Suna cewa a tsarinsu ba a ba mutum biyu magani ɗaya don kawai sunan cutarsu ɗaya: ana duba harshe, a ji bugun jijiya, a ware irin yanayin jikin, a haɗa wa kowa nasa, a kuma canza haɗin in ya dawo. Gwajin da ke ba kowa kafso ɗaya, in ji su, bai gwada sana'arsu ba. Da gaskiyarsu ta wani ɓangare, amma ana iya gwada hakan ma: a raba mutane ta ƙuri'a, mai magani ya rubuta wa kowa haɗinsa, sai ɗakin magani ya ba wasu na gaskiya wasu na wofi. Kuma uzurin yana komawa kan mai shi, domin in magani sai an duba harshen mutum, to kwalbar da aka sayo a Guangzhou wa dattijon da ba wanda ya gani ta faɗi ko a ma'aunin masu ita.

Akwai kuma matsalar abin da ke cikin haɗin. Ƙarfin saiwa yana canzawa da ƙasar da ta fito, da lokacin da aka haƙa ta, da yadda aka sarrafa. Wani lokaci ma ba tsiron ba ne. A farkon shekarun 1990, wani wurin rage ƙiba a Brussels ta Beljiyam ya ba mata wani haɗi da aka yi kuskuren sa saiwar Aristolochia fangchi a madadin Stephania tetrandra, saboda sunayensu na kasuwa a Sinanci sun yi kama. Sama da mata 100 ƙodarsu ta lalace, da yawa sai wankin ƙoda ko dashe, wasu daga baya suka kamu da sankarar hanyar fitsari. Mai ciwon suga ƙodarsa dama a kan siraɗi take, ba ta da rarar da za a yi caca da ita.

To ina masu kyan? Akwai su, kuma suna ƙaruwa. A 2014 an wallafa gwajin kafson Tianqi, haɗin tsirrai 10, a kan mutum 420 da sugansu ya fara hawa, an yi ƙuri'a, an sa na wofi, an bi su shekara ɗaya. Wajen kashi 18 cikin 100 na masu shan maganin suka kamu da ciwon suga, a gidan wofi wajen kashi 29. A 2024 mujallar JAMA Internal Medicine ta buga gwajin Jinlida a cibiyoyi 35, mutum kusan 890 masu irin wannan yanayin, an bi su sama da shekara biyu, haɗarin kamuwa ya ragu da kusan kashi 41 cikin 100. A 2020 hukumar magunguna ta Sin ta amince da wata ƙwaya da aka tato daga rassan bishiyar da tsutsar siliki ke cin ganyenta, wadda aka gwada a kan mutum 600 na mako 24 aka ga ta yi kunnen doki da acarbose, wani maganin suga na asibiti, kuma an san yadda take aiki: tana jinkirta narkewar sitaci a hanji. Sai berberine, sinadarin rawaya mai ɗaci da ke cikin saiwar huanglian, wanda aka yi ta zuzutawa a TikTok. Maganar cewa ya kai metformin ta samo asali ne musamman daga wani gwaji na 2008 mai mutum 36 kacal na wata uku. Wani gwajin na shekarar, mai mutum 116 da gidan wofi, ya nuna lallai yana sauke suga. Ina ganin berberine yana aiki, amma yana damun ciki, yana kuma karo da wasu magunguna a hanta, kuma ba a ba mai juna biyu ko jariri.

Dubi abin da waɗannan suka haɗu a kai. Kowanne magani ɗaya ne mai suna, na masana'anta ɗaya, mai tsayayyen haɗi da awo. Gwajin Tianqi da na Jinlida na 2024 a kan waɗanda ba su kamu ba aka yi su, ba a kan irin Baba ba. Duk a Sin aka yi su, a kan Sinawa, kuma zan fi natsuwa in wasu da ba su da alaƙa da masu maganin suka maimaita a wata ƙasa. Sannan a gwajin riga-kafi akwai wata tambaya da ake yi wa kowane magani, har na Bature: ya hana ciwon ne, ko dai ya danne lambar ne muddin ana sha? Sai an tsayar da maganin an sake aunawa ake sani. Kuma in riga-kafi ake nema, hujja mafi ƙarfi da Sin ta ba duniya ba a kwalba take ba. A 1986 aka fara gwajin birnin Daqing a kan mutum 577, gyaran abinci da motsa jiki na shekara 6, haɗarin kamuwa ya ragu da kashi 31 zuwa 46 cikin 100. Da aka waiwaye su bayan shekara 30, waɗanda aka yi wa gyaran sun fi ƙarancin ciwon zuciya, sun kuma fi tsawon rai da fiye da shekara ɗaya. Wannan ya shafe ka kai da ƙanenka, tunda ciwon yana bin jini.

Kada ka ɗauka raina tsirrai nake yi. Metformin kansa asalinsa daga wani tsiron Turai ne, Galega officinalis, likita Jean Sterne ya fara ba masu ciwon suga shi a Faransa a 1957. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yau, irin su Coartem, daga tsiron qinghao na Sinawa Tu Youyou da tawagarta suka tato shi a farkon shekarun 1970, aikin da ya kai ta ga kyautar Nobel a 2015. Dukansu sun bi ta tacewa, da awo, da gwaji a ƙasashe da yawa. Ita ma Sin tana gyara: tana da rajistar gwaje-gwaje da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita tun 2007, inda ake rubuta abin da za a auna kafin a fara, don kada a canza bayan an ga sakamako. A 2015 hukumar magungunansu ta umarci kamfanoni su sake bin bayanan takardun neman izini 1,622, mafi yawansu aka janye su. A 2017 aka fitar da ƙa'idar rubuta rahoton gwajin haɗin gargajiya. Duk da haka, ko a ƙa'idojin likitocin suga na Sin, waɗanda suka ware wa maganin gargajiya babi, metformin ne a sahun gaba.

Saura abin da ya fi damuna game da kwalbar Baba. Ɗaya daga cikin sanannun magungunan suga na gargajiya a Sin shi ne ƙwayar Xiaoke, kuma a Guangzhou ake yinta. A cikin kowace ƙwaya 10 akwai miligiram 2.5 na glibenclamide, maganin suga na asibiti wanda da yawa suka sani da sunan Daonil. Wannan ba ɓoye ba ne, a rubuce yake a jikin kwalin, amma da Sinanci. Akwai kuma na ɓoye. Masu binciken guba a Hong Kong sun tattara magungunan suga na "gargajiya" 29 da aka gurɓata daga 2005 zuwa 2010, suka samu glibenclamide a cikin 22, suka samu phenformin a cikin 18, maganin da ƙasashe da yawa suka hana tun ƙarshen shekarun 1970 saboda yana sa jini ya yi tsami har ya yi kisa. A farkon 2009 wani jabun maganin suga mai ɗauke da ninki shida na glibenclamide ya kashe mutum biyu a Xinjiang. Don haka in aka ce maganin gargajiya ya sauke suga a kwana biyu, zargi ya kamata a yi kafin murna.

Ka ce Baba yana shan wata ƙwaya bayan metformin. Je ka duba sunanta yau. In glibenclamide ce, ko glimepiride, ko gliclazide, to haɗa ta da irin wancan maganin ninka awo ne ba a sani ba. A dattijo, musamman mai raunin ƙoda ko mai azumi, faɗuwar suga ta glibenclamide tana daɗewa, tana kuma dawowa bayan an ɗauka ta wuce.

Ka ɗauki kwalin da takardar cikinsa ka kai wa likitan Baba ko ƙwararren mai haɗa magani, a karanta sunan da abin da ke ciki, manhajar fassara ta waya ma tana iya taimakawa. In ba sunan masana'anta, ba jerin sinadarai, a zubar. In kun ga lambar NAFDAC mai ƙarewa da harafin L a jikin wani maganin gargajiya, ma'anarta an duba ba a ga guba a gwajin farko ba, ba shaidar yana warkarwa ba ce, kuma yawanci an rubuta hakan a jikin kwalin. In bayan duk wannan likitan ya yarda a gwada shi a matsayin ƙari, a fara auna ƙoda da hanta da HbA1c, a riƙa awon suga a gida da safe kafin a ci abinci, a sake HbA1c bayan wata uku.

In kuwa Baba ya riga ya fara sha, a dakatar har a ga likita, a kuma sa ido a kan gumi mai sanyi, karkarwa, yunwa mai tsanani, ko ya riƙa magana ba kan gado. In yana iya haɗiya a ba shi cokali uku na suga a ruwa ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi, a bi da abinci, a tafi asibiti ko da ya ce ya ji sauƙi. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a garzaya da shi, a tafi da kwalbar maganin.